Kwamfutar Baba Ta Ƙi Hannuna

Litinin, 2 ga Yuni

Yau na shiga ɗakin aikin Baba. Tun rasuwarsa Mama ce kawai ke shiga, ta yi shara ta fito, ba ta taɓa komai na kan teburin. Tabaransa na nan a naɗe a kan laftof ɗin, kamar ya tashi ne ya je ya dawo.

Ba da son raina na shiga ba. Tsohon hedimastan nan ne ya zo jiya, wanda Baba ke buga wa tarihin rayuwarsa. Ya zauna a falo yana juya sandarsa, ya sake yin ta'aziyya, sannan ya fito da abin da ya kawo shi. Idonsa na tafiya. Likita ya ce kada ya sa rai da yawa. Yana so ya karanta littafinsa a buge kafin ganin ya ƙare, kuma Baba rabi ya kai. "Ai ke ce hannunsa, 'yata," in ji shi. Na ce to. Me zan ce?

Da ya san yadda muka ƙare da Baba, da bai faɗi haka ba. Baba ne ya koya mini bugu tun ina firamare, a kan tsohuwar tafiretarsa, ya rufe mini yatsu da tawul don kada in leƙa. Sakatariya yake kirana. Shekara da shekaru muna aiki tare a ɗakin nan, shi da teburinsa ni da nawa, mutane na kawo takardu muna buga musu. Sai a shekararsa ta ƙarshe, ba faɗa ba komai, ya ce in kwashe kayana in nemi aiki a waje. Ya fara rufe ƙofa. Ya fara kunna rediyo da ƙarfi, mutumin da ko tari ka yi yana aiki sai ya ɗago kai ya harare ka. Wata rana na ɗaga laftof ɗin zan goge teburin, ya daka mini tsawar da har yau ina jin ta a kunnena.

Har ya bar duniya ban san laifin da na yi masa ba. Abin da ke cina ke nan, ba littafin hedimasta ba.

Talata, 3 ga Yuni

Tawa kwamfutar ta daɗe da mutuwa, ta ofis kuma ba a yin aikin waje da ita. Dole dai tasa.

Bayan na dawo aiki na kunna ta. Aikin hedimasta na nan, ɗan layin nan mai ƙiftawa yana tsaye a tsakiyar jimla, inda Baba ya tsaya. Na ajiye takardun rubutun hannun a gefe, na ɗora yatsu, na buga layi guda ban kalli sikirin ba, yadda ya koya mini. Da na ɗago kai, haruffa 'yan ƙalilan ne a warwatse. Sauran kamar a kan katako na buga su.

Na sake. Haka. Na kashe na kunna. Haka.

Laraba, 4 ga Yuni

Na kifa ta na girgiza a kan farar takarda, don a ofis haka mai kula da kwamfutoci ke yi. Abin da ya zubo: ɓurɓushin burodi, guntun tsinken sakace, da farin gashi guda, gajere, na gemu. Na bi tsakanin madannan da tsohon buroshin haƙori, na hura da baki har kaina ya yi jiri.

Ba ta canja ba. Abin haushin ma ba madanni ɗaya ba ne ya mutu balle in ce shi ne. Wanda ya ƙi yanzu, anjima ya yi. Wanda ya yi ɗazu, yanzu ya yi kunnen uwar shegu da ni.

Gashin na naɗe shi a takarda na sa a jakata. Ban san me zan yi da shi ba.

Alhamis, 5 ga Yuni

Ban shiga ɗakin ba.

Asabar, 7 ga Yuni

Auta ya zo ganin Mama da matarsa. Ƙanen nan nawa, duk girman jikinsa, da yatsa ɗaya yake bugu kamar kaza na tsince hatsi. Baba ya yi ya yi ya koya masa, ya haƙura. Na ce ya zo ya ga abin da nake fama da shi. Ya zauna a kujerar Baba ba ko ɗar, ya laluba, ya danna, ya laluba, ya danna. Ya rubuta sunansa, ya rubuta na matarsa. Ko harafi ɗaya bai ɓace ba.

Na ture shi na zauna. Na buga. Shiru.

Ya yi ta dariya har da riƙe ciki. "Yaya, lafiyarta ƙalau. Ke ce dai ba ta so."

Wasa yake yi, na sani. Na yi dariyar nima don kada matarsa ta ga fuskata. Amma maganar ta tsaya mini a rai.

Litinin, 9 ga Yuni

Na aro kibod daga wurin abokiyar aikina, sabo fil, mai igiya. Na ce in dai na jikin laftof ɗin ne ya lalace, to wannan ba ruwansa. A hanya har waƙa nake yi a zuci.

Na jona. Na buga.

Shi ma ya ƙi.

Kibod ɗin da na buga wasiƙu da shi da safen nan a ofis, da yatsun nan nawa. Yana shiga jikin kwamfutar Baba ya ɗauke wuta. Na zauna ina kallon hannuwana. Tsigar jikina ta tashi, ga rana ba ta faɗi ba, ga Mama ina jin ta tana wanke-wanke a kicin. Ni ba mai camfi ba ce. Na yi karatu, na san injin inji ne. To amma a gaya mini, wane irin inji ne yake zaɓen hannu?

Na cire igiyar na fito, na ja ƙofar a hankali kamar akwai mai barci a ciki.

Talata, 10 ga Yuni

Warin man da Baba ke shafawa a gwiwa har yanzu yana jikin kujerar.

Laraba, 11 ga Yuni

Zan rubuta wannan yadda ya faru, ko da gobe zan ji kunyar kaina.

Na zauna da yamma ban yi niyyar buga komai ba. Na ɗora yatsuna a inda suke zama, na tsaya ina kallon jimlar da bai ƙarasa ba. Sai na ji ina magana a fili. Na ce, "Baba, me na yi maka?" Hawaye suka zo. Ban san yatsana ya yi nauyi a kan madanni ba. Ina share ido na ga harafi ya fito, shi kaɗai, a ƙarshen jimlar.

Na miƙe har kujera ta faɗi.

Da na dawo hayyacina na gwada. In na danna na riƙe, na jira kamar mai sallama a ƙofar gidan mutane, sai harafin ya fito. In na buga irin bugun da na iya, ba ta san da ni ba. Wato sai na bi ta da lalama. Sai na roƙa.

Haka Baba ya koma mini a ƙarshe. In na yi maganar aiki ya kau da kai, in na rage murya na tambayi lafiyarsa ya amsa da kalma ɗaya.

Na yi layi biyu a haka, wuyana ya ƙage. Da wannan tafiyar hedimasta zai makance ya gama kafin in kai babi na gaba.

Alhamis, 12 ga Yuni

Na ci gaba da bugun roƙo, tun da shi ta yarda da shi. Ƙas. Jira. Ƙas. Jira. Ƙofa a buɗe saboda zafi.

Sai na ji faranti ya faɗi a bayana.

Mama ce a bakin ƙofa, shayin da ta kawo mini ya malale a ƙasa, ita kuma ta dafe bango. Fuskarta kamar ta ga wanda aka binne. Na ce, "Mama, lafiya?" Ba ni take kallo ba, kujerar take kallo.

"Wa ya koya miki wannan bugun?"

Na ce ba kowa, kwamfutar ce ba ta karɓar wani.

"Kada ki ƙara. Don Allah kada ki ƙara yi ina cikin gidan nan."

Ta durƙusa tana tsince fasassun kofin da hannu, na ce ta bari in kawo tsintsiya, ta ƙi. Na tambaye ta, na sake tambaya. Ta ce kanta ke ciwo, ta shige ɗaki.

Yanzu mu biyu ke tsoron ɗakin nan.

Asabar, 14 ga Yuni

Na kai kwamfutar wurin mai gyara, wanda ke saman benen da ake sayar da wayoyi. Shagon ko tabarma ba za ta shimfiɗu ba, kwamfutoci a jibge har rufi, cikinsu a buɗe. Mutum ne mai furfura a gefen kai, ba ya son dogon bayani. Ya buɗe, ya bi madannan ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa, kowanne ya amsa masa. Ya rufe ya turo mini.

"Hajiya, ba abin da ya same ta."

Raina ya ɓaci. Na ce kowa haka yake ce mini, ni ce mahaukaciyar ke nan? Na janyo ta gabana, a tsaye, na zuba mata bugu na gaske, layi uku ban numfasa ba. Na juya masa sikirin. Kusan fari fat.

Ya ajiye abin da ke hannunsa. "Sake in gani."

Na sake. Wannan karon yatsuna ya kalla. Ya ce ikon Allah, rabonsa da ganin mai gudu haka tun zamanin tafireta. Sannan ya matso da fuska can ƙasan sikirin, ya nuna mini wata 'yar alama mai kama da agogo. Na sha ganinta, na ɗauka agogon ne. Ya shiga saiti, ya shiga wani wurin, ya tsaya.

"Ba lalacewa ta yi ba. Sa ta aka yi ta riƙa jira. Sai an danna an riƙe kafin ta karɓa, taɓin da ya zo da sauri ba ta ƙirga shi. Ke kuma yatsunki ba sa zama."

Na ce to don me mutum zai yi wa kansa haka?

"Masu rawar hannu aka yi wa. In hannu na karkarwa yakan taɓa nan ya taɓa can, rubutu ya cika da shirme. Da wannan, sai wanda mutum ya nufa ya danne ne zai fito." Ya dube ni. "Ta wace ce?"

Na ce ta mahaifina ce, ya rasu. Na ce amma shi hannunsa ba ya rawa, duk garin nan ba wanda ya kai shi gudu. Na tambaya ko tana iya kunna kanta bisa kuskure. Ya ce takan faru, amma wannan an shiga an zaɓi tsawon jiran, an kai shi ƙarshe. Ba kuskure ba ne.

Ya kai hannu zai kashe. Ya ce danni ɗaya ne. Ban san lokacin da na riƙe gefen laftof ɗin ba. Na ce ya bari. Ya nuna mini wurin kawai, ya ce Allah ya jiƙan tsoho.

A mota na rungume jakar a ƙirji har gida.

Lahadi, 15 ga Yuni

Abubuwa sai dawo mini suke yi, ba na kiran su.

Ya daina shan shayi tare da mu, sai a kai masa ɗaki. Kofin kuma rabi Mama ke zuba masa, har na taɓa yi mata tsiya na ce rowa ta fara. In baƙi sun zo hannuwansa na cikin aljihu ko a harɗe a baya. Ya bar rigunansa masu maɓalli. Ya daina yanka mana lemo, shi da yake feraye ɓawon a zare ɗaya bai tsinke ba, yana jiran mu yaba.

Ina gidan nan duk aka yi wannan. Ina kallo. Ni fushina kawai nake lallaɓawa.

Litinin, 16 ga Yuni

Na sami Mama tana ninke wanki. Ban yi kwana-kwana ba. Na ce, "Mama, tun yaushe hannun Baba ke rawa?"

Ta ci gaba da ninke zanin gadon har ta gama. Sannan ta zauna a bakin gado.

Ta ce ya fi shekara kafin rasuwarsa. Ya fara da ɗan yatsa, ya haura. Sun je asibiti su biyu, aka ba shi magani, ya ɗan lafa ya dawo. Ya sa ta yi masa alkawari ba za ta gaya mana ba. In na fita aiki yakan kashe rediyon, ya buɗe ƙofa ya sha iska, ita kuma tana kicin tana jin sa, ƙas, jira, ƙas, jira, wuni guda. Bugun da ta ji ranar Alhamis ke nan.

Na ce to Auta fa, shi ai ba a kore shi ba.

"Auta me ya sani? Ko a gabansa aka yi ba zai lura ba. Ya ce kowa zai iya ɓoye wa, ban da Sakatariya. Ya ce ke ko ta bayan bango kika ji, layi ɗaya ya ishe ki ki gane. Kunnenki ya san hannunsa."

Na ce da ya gaya mini ai da na karɓi aikin, ya huta.

"Abin da ya guda ke nan. Ya ce ranar da kika karɓe masa aiki don tausayi, ranar ya gama. Ya ce gara ki yi fushi da shi."

Na ce wallahi kuwa na yi. Na ce har yanzu ina yi. Na faɗa da ƙarfi, na ce mutum ya bar 'yarsa shekara guda tana binciken kanta tana neman laifin da ba ta yi ba, saboda girman kai? Mama ba ta kare shi ba. Ta ce, "Na gaya masa." Ta jawo ni jikinta, ni da na girme wa wannan tuntuni, muka yi kukan da ba mu yi tare ba ranar da aka fita da shi.

Talata, 17 ga Yuni

Na karanta rabin da ya buga wa hedimasta, daga farko. Ina neman kuskure, in faɗi gaskiya. Ko ɗaya. Ko waƙafi bai kauce ba. Kowane harafi a ciki sai da ya danne shi ya riƙe, da hannun da ba ya jin maganarsa.

Dattijon nan da taurin kai.

Alhamis, 19 ga Yuni

Na san inda ake kashe jiran. Na shiga wurin yau, na kai kibiyar kai, na fito.

Tabaransa sayensu ya yi, kujerar ma haka. Wannan jiran kuwa shi ya auna shi da hannunsa, daidai rawar da yake yi. In na kashe, ba sauran wani abu a gidan nan da ya san yadda hannunsa ya koma.

Na yi shafi ɗaya da bugun jira bayan Mama ta tafi unguwa. Yanzu ba ya ba ni tsoro. Kamar tafiya ce a bayan tsoho a kan matakala, ba ka wuce shi, ba ka kuma kama shi.

Asabar, 21 ga Yuni

Hedimasta ya zo, jikarsa ce ta riƙo masa hannu har falo. Bai tambayi aikin ba, kunya ta hana shi. Na kawo masa shafin farko da na fitar, don ya ji daɗi. Ya kai shi kusa da hanci, ya matsar, ya karkata wajen taga. Sunan littafin kawai ya iya karantawa, shi ma da ƙyar.

"Ba komai, 'yata, ki bi a hankali," in ji shi.

Baba bai taɓa sa mai aiki ya jira shi ba. Da yana nan ya ga takardun mutum a ajiye ina zaman makoki a kan saiti, da na sha tsawa ta biyu, kuma wannan karon da laifina.

Lahadi, 22 ga Yuni

Na kashe.

Danni ɗaya, kamar yadda mai gyara ya ce. 'Yar alamar ta ɓace. Na jira ko zan ji wani abu. Fanka kawai ke juyawa.

Na gyara takardun, na ɗora yatsu, na kau da ido daga sikirin. Na ƙarasa masa jimlarsa. Daga nan ban san inda hannuna ya tafi ba. Shafi na bin shafi, ɗakin ya cika da ƙara kamar ruwan sama a kan kwano, ƙarar da na tashi a cikinta, wadda nake barci da ita ina ƙarama.

Ban ji zuwan Mama ba. Da na kai ƙarshen babi na juya wuya, tana zaune a kan kujerata ta da, tire a cinya, shayin ya huce. Na ɗauke hannu da sauri, na ce ta yi haƙuri, na manta tana gida.

"A'a, ci gaba," in ji ta. "Wannan shi ne na aura."

Juma'a, 4 ga Yuli

Na kai wa hedimasta littafinsa jiya, da manyan haruffa yadda zai gani. Ya karanta shafi biyu da kansa, a bakin taga, yana bi da yatsa. Ya tambaye ni ina Baba ya tsaya ina na kama, ya ce shi bai ga ɗinkin ba. Na ce nima na manta. Ban manta ba.

Wata mata ta kawo takardun makaranta ɗazu, ta ce an ce mata an ci gaba da bugu a gidan nan. Ban san wa ya gaya mata ba. Na karɓa dai.

Tabaran na sa su a aljihun tebur, tare da 'yar takardar gashin nan da ke jakata, don suna tare mini wuri. Rediyon Auta ya ɗauka, dama ya daɗe yana so.

Mama ta koma yin tsintar shinkafarta a bakin ƙofar ɗakin, wai nan ya fi haske. Ƙofar a buɗe nake barinta. Zafi ake yi, shi ya sa.